Ɗigon da ke Ƙarshen Wasiƙar Kakanku

Dukanku kun san wasiƙar. Tana cikin jakar fatar da Ummanku take ajiye takardunta na aiki, kuma babu ɗayanku da ba ta taɓa zaunar da shi ta karanta masa ita ba, ta fassara masa da Hausa, sannan ta ɗaga ta saitin taga don ya ga 'yar hudar da ke ƙarshen layin ƙarshe, inda ɗigon aya ya ratsa takardar. Takan ce a nan ne kakanku ya yafe mata. Yau shekara guda ke nan da rasuwarta, Allah ya jiƙanta, ni kuma likita ya fara yi mini magana a hankali, irin yadda ake yi wa wanda ba a so ya firgita. Shi ya sa nake ganin, ko da yake ban tabbata dabara ce ba, gara ku ji daga bakina yadda aka yi ɗigon nan ya hau takardar. Ba zan rantse cewa kowace kalma haka aka faɗe ta ba, don shekaru sun ja. Amma abin da ya fi muhimmanci ban manta da shi ba, duk da na yi ƙoƙarin mantawa.

A shekarar da na gama hidimar ƙasa, na dawo Kano da digirin Turanci wanda babu wanda ya nemi ya gani. Sai na samu zama a wani shagon buga takardu a Gyadi-Gyadi, na wata mata 'yar Kudu da muke kira Madam Ngozi. A Kano aka haife ta, Hausarta ta fi tawa kaifi. Tun ina ƙarami ni mutum ne mai tsoron kuskure. Sai in karanta layi sau huɗu kafin in zare takarda daga tafireta, mai takardar yana zaune a benci yana hamma. Wata rana Madam ta ce da ni akwai wani tsoho a Daurawa da ke neman mai buga masa wasiƙu a gida, mutum uku ta tura masa duk ya koro su.

"Kai ne daidai da shi, Malam Digiri," in ji ta. "Ku haɗu ku yi ta jin tsoron waƙafi tare, ni in huta."

Tsohon shi ne kakanku, Alhaji Inuwa, wanda unguwa ke kira Baba Akawu. Ya yi aikin ofis tun yana buga wa Turawa takarda har ya kai shi ke faɗa ana bugawa. Lokacin da na san shi idonsa ya riga ya tafi gaba ɗaya. Daga shi sai ƙanwarsa, Gwaggo Hajara, a gidan, kuma gida ne mai shirun da ban taɓa jin irinsa a duk yankinmu na Tarauni ba. Kana shiga zaure sai hayaniyar titi ta yanke kamar an rufe murfin tukunya. A falonsa akwai tsohuwar tafireta baƙa a kan tebur, da kujerar katako mai hannu wadda yake zama a kai, daidai bayan kafaɗata ta dama. Da Turanci yake faɗar wasiƙunsa, kuma yana faɗa ne da alamominsu. In ya kai waƙafi sai ya ce waƙafi, in tambaya ce ya ce alamar tambaya. Alamar motsin rai kuwa ba ya amfani da ita sam, ya ce wannan ihu ne a kan takarda, kuma mutumin kirki ba ya yi wa jama'a ihu. In jimla ta ƙare sai ya ɗaga hannunsa na hagu, mai zoben azurfa, ya ce "full stop", ya buga zoben a hannun kujerar sau ɗaya. Sai bayan ƙarar zoben zan danna maɓallin aya.

A ranar farko na riga shi. Na ji maganar ta cika, sai na sa ɗigon. Sai na ji muryarsa a bayana.

"Malam Nasiru, wa ya ce maka na gama?"

"Baba, na ga kamar jimlar ta cika ne."

"Ka ga kamar. To ni ba ni da ido, amma na ji abin da ka buga. Kowane maɓalli a injin nan da muryarsa, na aya kuwa ya fi duka nauyi, har takarda yake hudawa. A makaranta sun koya maka inda ake sa aya. Ni zan koya maka wanda yake sa ta. Mai magana ne. Kai naka jira."

Na zare takardar na sake daga farko. Wata bakwai na yi ina zuwa, Litinin da Alhamis, daga azahar zuwa la'asar, ban sake riga shi ba. Yawancin wasiƙun na ta'aziyya ne ga iyalan abokan aikinsa, sai na jaridu, a kan kwatocin unguwa da suka toshe. A cikin watannin nan ban taɓa jin ya ambaci cewa yana da 'ya ba. Gwaggo ce ta gaya mini, wata rana da ta kawo mini kunun zaƙi a zaure. Ta ce sunanta Bilkisu, nas ce, ita kaɗai Allah ya bar masa. Shekara huɗu da suka wuce mahaifiyarta ta kwanta ciwo, likitoci suka ce sai an yi tiyata, Baba ya ce bai yarda ba. Bilkisu ta ga uwarta na ƙarewa, sai ta sa hannu a takardar amincewa ba da saninsa ba. Matar ba ta farka daga tiyatar ba. Ranar sadakar uku, a gaban mutane, ya ce kada Bilkisu ta sake taka masa gida sai ran da shi da kansa ya kira ta. Ta nemi canjin wurin aiki zuwa Jos, ta tafi.

"Kuma ita ma shi ta biyo," in ji Gwaggo. "Na aika mata ya fi sau goma. Sai ta ce, Gwaggo, na saɓa masa sau ɗaya kin ga abin da ya faru, ba zan yi na biyu ba. Jinin nan nasu, ɗan nan, ka ce dutse ne."

Wata Alhamis a tsakiyar damina na same shi ya yi wanka ya sa farar riga kamar mai zuwa ɗaurin aure. Hadari ya haɗu amma ruwan bai sauko ba, falon ya yi duhu-duhu da rana tsaka. Ya ce in sa sabuwar takarda, mai kauri. Sannan ya faɗi sunanta. Daga baya na yi tunanin cewa wataƙila da Hausa nauyin maganar ba zai bar shi ya furta ta ba, shi ya sa ya fake da Turancin ofis. Kun san abin da ke ciki. Ya ce ɗakin mahaifiyarta yana nan yadda ta bar shi. Ya buga zobe. Ya ce rufin ya fara yoyo ta kusurwar gabas, ruwa ya kai ga akwatunan. Ya buga zobe. Ya ce shi ba ya gani, Gwaggo kuma ba ita ya kamata ta buɗe su ba. Ya buga. Ya ce ya daɗe yana tunani a kan abin da ta aikata. Ya daɗe kafin ya buga na wannan. Sannan ya ce, "Ina so ki zo gida", na buga kalmomin, na ɗora yatsana a kan maɓallin aya, na jira.

Na ji ya ja numfashi. Wannan shi ne abin da nake so ku fahimta, don a kansa komai ya rataya. Numfashi ne mai tsawo, irin wanda mutum ke ja in zai ci gaba da magana. Ko kuma, in zan yi adalci, irin wanda mutum ke ja in ya sauke kaya mai nauyi. Shekara talatin ina sauraren numfashin nan a cikin kaina, ban iya rarrabewa ba. Na jira, ban ji kalma ba, ban ji zobe ba. Da na waiwaya sai na ga hannunsa na hagu a ɗage, zoben bai fi faɗin yatsa biyu da katakon ba, bakinsa ya karkace, farar rigar ta jiƙe da miyau.

Kwana tara ya yi a asibiti. Aka dawo da shi ɓarin jikinsa na dama ya shanye, magana ta ɗauke. Aka shimfiɗa masa gadon katako a falon saboda ya fi iska, taku uku daga teburin. Takardar tana nan naɗe a cikin tafiretar, Gwaggo ta lulluɓe da ɗankwali. Ta sa wani maƙwabci ya yi wa Bilkisu waya a wurin aikinta, amsar da ta dawo ita ce, shin ya kira ni? Da na je gaishe shi Gwaggo ta ja ni tsakar gida.

"Takardar nan da kuke yi, ta wace ce?"

Na gaya mata, na fassara mata layi-layi.

"Alhamdu lillahi! To ai ya kira ta. Ka zare ka kai gidan waya yau ɗin nan."

"Gwaggo, bai rufe maganar ba. Bai ce in sa aya ba."

"To ka aika a haka."

"Ban sani ba ko zai yiwu. Kin ce ita ta riƙa buga masa takardu tun tana sakandare. Ta san yadda yake aiki. In ta ga babu ɗigo za ta gane bai gama ba. Kuma mai yiwuwa cewa zai yi ta zo gida ta kwashe kayan uwarta kawai. Abin da ya gabata duk a kan akwatuna ne."

Gwaggo ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Kai da digirinka, ɗigo ɗaya ya gagare ka? Mutum na kwance yana jiran Mala'ika, 'yarsa na can tana jiran kira, kai kana nan kana mai yiwuwa, mai yiwuwa. In ya cika ba ta gan shi ba, wa zai ɗauki wannan? Ni dai ban iya boko ba. Da na iya, da ban tsaya roƙonka ba."

Kwana biyu na yi ina jujjuya abin. A shago na ɓata takardu uku a jere, har Madam ta ce in je gida in sha magani. Na auna ta kowace fuska. In na bar takardar, na riƙe amanar aikin da ya koya mini, ita kuma za ta rayu da cewa mahaifinta ya mutu yana fushi da ita. In na sa ɗigon, na sa masa magana a baki a lokacin da ba zai iya ƙaryata ni ba. Na so in tambayi wani malami, sai na ji kunyar yadda zan fara bayani, a ce namiji baligi ya zo neman fatawa a kan ɗigo.

Ranar Litinin da azahar na koma. Gwaggo tana kicin. Baba yana kwance rigingine, idanunsa a buɗe suna kallon silin, numfashinsa a hankali, na ɗauka barci yake da ido buɗe kamar yadda yakan yi. Na yi sallama bai motsa ba. Na zauna, na janye ɗankwalin. Ban san abin da ya sa ban ɗauki injin na fita da shi zaure ba. Wataƙila na ji kamar yin haka sata ne. Na ɗora yatsa, na danna. Maɓalli ɗaya tak. A shirun falon nan ƙarar ta fita kamar an jefa tsakuwa a rijiya.

Kansa ya juyo. Mutumin da kwana goma sha ɗaya sai an juya shi, kansa ya juyo a hankali a kan matashi har makafin idanunsa suka sauka daidai fuskata, ba gefe ba, ba sama ba. Sannan hannun hagu ya tashi daga kan zanen gado, ya matsa zuwa katakon gefen gadon, ya tsaya a sama da shi. Na jira ya buga. Wallahi na roƙi Allah ya buga. Hannun yana da lafiya, da shi yake riƙe kofi. Zoben yana nan a yatsansa. Bai buga ba, bai kuma janye ba. Na zare takardar, na naɗe ta na sa a ambulan ba tare da sa hannunsa ba, na tafi gidan waya da ƙafa don ban yarda da kaina a kan acaɓa ba.

Daga ranar, duk lokacin da na shiga falon, hannun sai ya tashi. Ko ban yi sallama ba, ko na cire takalmi tun daga zaure. Gwaggo ta ce ba ya yi wa kowa haka, ta ce gaisuwa ce yake yi mini. Ban musa mata ba.

Kwana shida bayan haka Bilkisu ta iso. Ina zaure da hantsi ta sauko daga tasi da ƙaramar jaka, wasiƙar a hannunta ba ambulan. Ba ta shiga ba. Ta tsaya a bakin ƙofa, ƙafarta ba ta tsallake dokin ƙofar ba, ta dube ni.

"Kai ne mai buga masa takardu?"

"Ni ne, Hajiya."

"Babu sa hannunsa."

"Ciwon ya same shi kafin a kai nan."

Ta ɗora yatsa a kan ƙarshen layin.

"Wannan fa? Ya buga zoben?"

Ku da kuka san ni kun san ban cika ba da amsa kai tsaye ba. Ko ƙarfe nawa aka tambaye ni sai in ce ina jin. Na yi niyyar in ce mata takardar tana nan yadda ta gan ta, wanda ba ƙarya ba ne. Amma na ga ƙurar mota a kan mayafinta, na ga ƙafar nan da ta ƙi tsallakewa.

"Ya buga," na ce.

Ta ce bismillah, ta shiga.

Na bi bayanta, don Gwaggo ta riƙo hannun rigata tana kuka. Bilkisu ta durƙusa a gaban gadon, ta ce Baba ga ni, na samu saƙonka. Hannun ya riga ya tashi, tun shigowata. Sai ta warware takardar ta fara karanta masa, da Turancin, tana tsayawa a kowace aya kamar yadda ya horar da ita. Ɗakin, rufin, akwatunan. Da ta kai layin ƙarshe ta sauke murya ta rufe maganar, sai na ga bakinsa yana motsi, ɓangaren da ke da rai yana ja, yana ƙoƙarin haɗa wata kalma. Iska kawai ke fita. Idanunsa ba a kanta suke ba, a kaina suke, ta saman kafaɗarta. Na ce a raina yanzu zai nuna ni, ko ya ture ta, ko Allah ya buɗe bakinsa don wannan kalma ɗaya.

Ita ba ta ga haka ba. Hannun ta gani yana rawa a sama da katakon, sai ta yi abin da kowace nas za ta yi, ta shimfiɗa tafinta a ƙarƙashinsa don kada ya bugu. Ya daɗe a haka. Sannan hannun ya sauko, zoben ya sauka a tsakiyar tafinta, babu ƙara ko kaɗan. Ta rufe da ɗaya hannun, ta kifa goshinta a kai. Ban sani ba ko bugun da na roƙa ke nan ya yi, a inda ba zan ji ba. Ban sani ba ko gajiya ce kawai ta kayar da hannun. Ya ƙara kwana biyar, ita ke juya shi, ita ke ba shi ruwa da cokali, kuma a hannunta ya cika da walaha ranar Juma'a.

Sauran kun sani. Bayan shekara biyu muka yi aure, Gwaggo ce ta haɗa, kuma har ta koma ga Allah ba ta taɓa tayar mini da zancen ba. Ina jin a wurinta ba wani abu ba ne da za a tuna. Na samu aikin koyarwa, na yi shekaru ina nuna wa yara inda jimlar Turanci take ƙarewa, ina sa musu jan ɗigo a inda suka manta. Ba na son in faɗi abin da zai tsorata ku, kuma mai yiwuwa kunnena ne. Amma sau da yawa, da rana tsaka a ofishin malamai, in na ɗora jan biro a ƙarshen layin wani ɗalibi, nakan ji an ja dogon numfashi a bayan kafaɗata ta dama. Sai in ɗaga biron in jira. Abokan aiki sun ɗauka tsabar natsuwa ce.

Sau ɗaya na yi yunƙurin gaya wa Ummanku, a makonta na ƙarshe, ranar da ta ce in ɗauko mata jakar fatar. Na ce, Bilkisu, akwai wata magana a kan wasiƙar nan da ya kamata ki sani. Ta dube ni ta daɗe, da idon nan nata da ciwo ya zurfafa.

"Nasiru, karanta mini kawai," ta ce.

Na karanta. Ban sani ba ko ta riga ta sani ne, ko ba ta so ta sani, ko dai ƙarfin sauraro ne babu.

Ba don ku rage darajar takardar na rubuta wannan ba. Kalmomin duka nasa ne, babu ɗaya da na ƙara. Abin da nake so ku riƙe shi ne, mahaifiyarku ba ta saɓa wa mahaifinta karo na biyu ba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta tambaya, aka ba ta amsa, sannan ta shiga. In ya gama maganarsa, to shi ya kira ta, alhamdu lillahi. In kuwa bai gama ba, ni na kira ta, kuma ni za a tambaya.